Rumbun Hasken Rana

A watan Oktoba na shekarar 2024, lokacin da aka lalata babban layin wutar lantarkin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, yawancin jihohin Arewa sun kwana cikin duhu fiye da mako guda. Mu mutanen Daura rashin wuta ba baƙonmu ba ne. Har mukan yi raha mu ce lantarkinmu ya gaji halin rijiyar Kusugu ta zamanin Daurama, wadda tarihin baka ya ce ba a samun ɗiban ruwanta sai ranar Juma'a. Amma wannan karon abin ya wuce raha. Injinan niƙa sun yi tsit, ƙanƙara ta yi tsada, kuma litar fetur ta haura naira 1,000, alhali kafin a janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023 ba ta kai naira 200 ba.

A cikin waɗannan kwanaki ne na tsaya shan mai a wani gidan mai da ke kan hanyar Daura zuwa Katsina. Magariba ta kawo jiki, fitilun wurin duk a kunne, famfunan mai suna aiki, amma ban ji ƙarar janareta ba. Da na ɗaga kai sai na ga faya-fayan sola jere a kan rufin. Na gaida manajan wurin, wani dattijo mai fara'a, na ce, "Alhaji, ga tankunan mai cike a ƙarƙashin ƙafarku, amma kun koma wa rana?" Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai man nan na sayarwa ne, ba na ƙonawa ba. Duk litar da na zuba wa janareta riba ce na ƙona. Ita kuwa rana ba ta taɓa aiko mini da takardar biyan kuɗi ba."

Na daɗe ina juya wannan magana a zuciyata, domin abin da dattijon nan ya faɗa a taƙaice shi ne abin da manyan kamfanonin makamashi na duniya suka shafe shekaru suna lissafawa. Alal misali, a ƙasar Denmak akwai wani kamfani da ake kira DONG, wanda sunansa ma yake nufin mai da iskar gas na Denmak, kuma da kwal yake samar da mafi yawan lantarkinsa. A shekarar 2017 ya sayar da sashensa na haƙar mai da gas, ya sauya suna zuwa Ørsted, ya duƙufa ga kafa injinan iska a cikin teku. A shekarar 2024 ya rufe tasharsa ta ƙarshe mai aiki da kwal. Haka kuma kamfanin Total na Faransa, wanda gidajen mansa suke ko'ina a Nijeriya, ya koma TotalEnergies a shekarar 2021, domin ya nuna cewa ba mai kaɗai ne hajarsa ba. Shi kuwa Shell, a shekarar 2022 ya sayi Daystar Power, wani kamfani mai cibiya a Legas da ke haɗa wa masana'antu da bankuna wutar sola.

Me ya juyo da hankalinsu? Ana yawan ambaton ɗumamar yanayi, kuma gaskiya ne hayaƙin kwal da mai da gas shi ne babban sanadinta. Mu da muke bakin iyakar Nijar, muna kallon yadda ƙasa ke tsufa a Baure da Zango da Mai'adua, ba ma bukatar dogon wa'azi a kan wannan. Sai dai akwai dalili na biyu, wato farashi. Daga shekarar 2010 zuwa 2020 kuɗin samar da lantarki daga hasken rana ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, kuma batirin litiyam ma ya yi irin wannan sauƙi. Idan kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya. Shaidar cewa lissafin riba ne ke jan ragama ita ce abin da kamfanin BP na Ingila ya yi: a shekarar 2020 ya yi alkawarin rage haƙar mai da gas da kashi 40 cikin 100 kafin 2030, amma a watan Fabrairu na 2025 ya janye alkawarin, ya rage jarin da yake zubawa a sabon makamashi. Ban ga laifin ɗan kasuwa don ya bi riba ba. Darasin da na ɗauka shi ne, wanda ya zo don riba zai iya tafiya don riba, saboda haka bai kamata al'umma ta ɗora dukkan begenta a kan niyyar wani kamfani ba.

Mu a Jihar Katsina mun riga da yawa jin ƙanshin wannan sauyi. Duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Kano zai hangi dogayen tirakun ƙarfe a Lambar Rimi, kowanne da farfela mai fiffike biyu a samansa. Tun a shekarar 2005, zamanin da marigayi Umaru Musa 'Yar'adua yake gwamna, aka ƙudurta aikin, daga baya gwamnatin tarayya ta karɓe shi, aka ba kamfanin Vergnet na Faransa kwangila. Injina 37 ne, kowanne mai ƙarfin kilowat 275, jimla kimanin megawat 10. Zaɓen wurin ba a kan kuskure aka yi shi ba, domin ƙasar Katsina na daga cikin wuraren da iska ta fi ƙarfi a Nijeriya, kuma ƙa'idar kimiyya ta nuna cewa idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da ke cikinta yakan ninka sau takwas. Amma a watan Disamba na 2012 'yan bindiga suka sace injiniyan kamfanin, Francis Collomp, a garin Rimi, bai kuɓuta ba sai a watan Nuwamba na 2013 a Zariya. Aiki ya tsaya cik, ya shafe fiye da shekara 10 ana jan ƙafa. Na sha wucewa ta wurin a waɗancan shekaru, iskar hunturu na kaɗawa kamar za ta ɗauke mota, farfelolin kuwa ko motsi. A lokacin nakan girgiza kai in ce, "Haka aikin gwamnati yake." Ban san cewa ni ma ina da tawa Lambar Rimin tana jira na ba.

Ga yadda abin ya faru. A wata makarantar ƙauye da na taɓa koyarwa a ƙasar Daura, mu malamai da iyayen yara muka yi karo-karo muka sayi faifan sola huɗu da batir biyu masu ruwa da inbata guda, domin 'yan ajin ƙarshe su riƙa bitar karatu da dare kafin jarrabawa. Ni aka damƙa wa amanar kayan. Daren farko da fitilu suka kama, har dattawan gari sai da suka zo kallo. Ni da na yi karatun firamare da fitilar aci-bal-bal, hayaƙi na shiga mini ido, na ji daɗin da ba zan iya misaltawa ba. Wata takwas kacal muka yi muna morewa. Sannu a hankali wutar da kan kai ƙarfe goma na dare ta koma ɗaukewa kafin sallar isha'i, daga bisani ta mutu ɗungurungum, saura mako shida a fara jarrabawa. Yara suka koma haska littafi da tocilan, masu halin sayen batir ke nan. Ni kuwa na shiga gari ina cewa an sayar mana da jabun kaya.

Sai aka kira wani saurayi mai gyaran sola daga cikin Daura. Da ya sauko daga babur sai na gane shi: tsohon ɗalibina ne, wanda na sha yi wa faɗa saboda raunin rubutunsa. Ya durƙusa ya gaishe ni, sa'an nan ya hau rufi. Ya sa yatsa ya ja layi a kan faifan, sai ga ƙurar hunturu ta yi kauri kamar an barbaɗa gari. Ya sauko ya buɗe murafun batir, ya tarar ruwan ya ƙafe. Ya tambayi abin da muke jonawa, muka lissafa: fitilu shida, da wayoyin kusan rabin gari, da dutsen guga na wani malami, wani lokaci har da abin dafa ruwan shayi. Ya sunkuyar da kai cikin ladabi ya ce, "Malam, a gafarce ni, kayan nan ba jabu ba ne. Yunwa da ƙishirwa ne suka kashe su."

Ya zaunar da ni kamar yadda nake zaunar da shi a da, ya yi mini bayani. Faifan sola haske yake ci, ba zafi ba, har ma tsananin zafin bazara rage masa ƙarfi yake yi, ƙura kuwa tare masa abinci take yi. Batir mai ruwa ba a son a zuƙe fiye da rabin abin da ke cikinsa, kuma yana bukatar a riƙa ƙara masa tataccen ruwa, ba ruwan rijiya ba. Duk abin da ke ɗumama ƙarfe, kamar dutsen guga, yakan sha wutar da ta fi ta fitilu masu yawa. Ya ce duk wannan yana rubuce a cikin ɗan littafin da ya zo da kayan. Littafin kuwa yana cikin durowata, da Ingilishi, ban taɓa buɗe shi ba. Maigadin makaranta, wanda shi ne ke kwana da kayan, ba wanda ya taɓa gaya masa komai.

A daren nan na tuna da mahaifina, Allah ya jiƙansa, da rumbunsa. Manomin ƙasar Daura damina ɗaya yake samu a shekara, ta wata uku zuwa huɗu, amma tuwo kullum ake ci. Abin da ya haɗa girbin kaka da tukunyar bazara shi ne rumbu. Mahaifina yakan ɗora rumbunsa a kan duwatsu saboda gara da danshi, yakan sabunta jinka kafin ruwan farko, kuma ba mai ɗibar dami sai da saninsa. Ko yunwa ta yi tsanani ba ya yarda a share rumbu ƙarƙaf, sai an bar iri. Ashe duk ƙa'idojin da ɗalibina ya karanta mini, mahaifina ya san su tun kafin a haife ni. Rana tana fitowa da safe ta faɗi da yamma, iska takan taso ta kwanta, amma bukatar wuta ta fi yawa bayan magariba. Batir shi ne rumbun da ke tsakani. Wannan ne ya sa kamfanonin da suka koma wa iska da rana suke zuba maƙudan kuɗi a kan ma'adanar lantarki, tun daga katafaren batirin Hornsdale mai ƙarfin megawat 100 da aka kafa a Kudancin Ostareliya a shekarar 2017, har zuwa tashar sola mai megawat 7.1 da aka buɗe a Jami'ar Bayero ta Kano a shekarar 2019, wadda ita ma aka haɗa ta da batura. Babba da ƙarami, matsalar ɗaya ce: yadda za a adana abin da ya zo a lokacinsa domin lokacin da babu shi.

Muka sake yin karo-karo, ni na fara zuba rabin albashina na wata, domin ni na yi sakaci. Kafin a jona sababbin batura, na zauna da ɗalibin nawa muka tsara ƙa'idoji biyar da Hausa: a goge faifai da tsumma mai laushi da sassafe, sau biyu a mako lokacin hunturu, a duba ruwan batir kowane farkon wata, kada a jona abin da ke ɗumama ƙarfe, a yi cajin waya da rana, ba da dare ba, a kashe komai idan ma'auni ya sauka rabi. Na rubuta su da boko, liman ya rubuta su da ajami saboda maigadi, muka liƙa a ƙofar ɗakin. Muka kuma naɗa yara biyu a kowane zango, muka ba su sarautar Sarkin Rumbu da Madakinsa. Har na bar makarantar fitilun nan ba su sake mutuwa ba.

Ku da kuke shirin zama malaman Hausa, kada ku ɗauka wannan batu na injiniyoyi ne kaɗai. Za a tura da yawanku ƙauyukan da sola ta riga layin lantarki isa, inda rijiyar burtsatse da firjin allurar rigakafi da fitilar masallaci duk da ita suke aiki. Kamfanoni za su ci gaba da kawo kaya muddin akwai riba, gwamnatoci za su ci gaba da yanke kirtani, kamar yadda aka buɗe tashar sola mai megawat 10 a Kumbotso ta Kano a watan Janairu na 2023. Amma wanda zai goge ƙura ranar Talata da safe ba ya zuwa a cikin kwali. Mutumin gari ne, kuma da Hausa yake tunani. Idan ilmin kula da waɗannan kaya ya tsaya a cikin ɗan littafin Ingilishi a durowar malami, to za mu yi ta sayen rumbu muna ciyar da gara. Aikinku ne ku nemo kalmomin, ku tambayi masu sana'ar abin da suke kiran kowane ƙarfe, ku sa shi a darasin insha'i da na auna fahimta, har yaro ya iya bayyana wa kakarsa dalilin da ya sa ba a guga da wutar batir.

Har yau idan na haɗu da wancan ɗalibi nawa a kasuwar Daura, yakan durƙusa ya ce, "Malam, ina wuni?" Ni kuma nakan amsa masa da, "Lafiya lau, Malam." Yakan yi dariya yana zaton zolaya ce, alhali kuwa haƙƙinsa nake ba shi.