Takardar Share Hannu

A gidajen abinci na gaggawa, irin su McDonald's, ba a sayar da takardar share hannu, kyauta ce. Sa'ad da nake karatu a Faransa na yi aikin share tebura a wani gida irin wannan, na kuwa ga yadda mutane ke yi da abin da ba su biya ba. Mutum ɗaya yakan ɗebi goma, ya goge bakinsa da biyu. Sauran takwas ɗin dole mu zubar da su, gama abin da ya sauka a kan faifan wani ba a miƙa wa wani.

Wadda aka yi aiki da ita kuma ba ta komawa masana'anta a sāke ta, domin zarenta gajere ne, maiƙo kuma ya riga ya ɓata ta. Sai dai a yi taki da ita, ko a ƙone, ko a binne.

Masu gidajen nan ba su tsaya yi wa mutane gargaɗi ba, akwatin suka canja. Tsohon akwati yana barin yatsu su shiga su damƙo tuli, sabon kuwa ɗaya ɗaya yake fitarwa. Wanda yake son goma sai ya ja sau goma, mutane suna kallonsa, ga abincinsa yana hucewa. Waɗansu gidaje ma sun ɗauke akwatin daga gaban jama'a, ma'aikaci ne ke sa biyu ko uku a cikin jaka.

Wannan dabara tana aiki, amma ni tana ba ni kunya. Yawancinmu mun san cewa bayan da Yesu ya ƙosar da mutum dubu biyar, an tattara gutsattsarin da suka ragu har kwando 12, ko da yake ba wanda ya biya kuɗin gurasar. Duk da haka sai da aka ƙuntata bakin akwati kafin hannunmu ya ji.

A 1990 McDonald's ya daina zuba abinci a akwatunan soso a Amurka. Tun daga 1 ga Janairu 2023 kuma, doka ta tilasta wa manyan gidajen abincin gaggawa na Faransa su ba mai ci a wurin kwano da kofi da za a wanke. Takardar share hannu kuwa dokar ba ta hana ta ba, har yanzu ana zubar da ita kowace rana.