Keken da Ba Ya Zuwa Ko'ina

A makarantar nan masu zuwa a kan keke ba sa ƙirguwa. Mu ma 'yan ƙungiyar jarida yawancinmu da shi muke zuwa, wani tun yana aji ɗaya. Idan aka tara tafiyar da ɗayanmu ya yi a shekara uku, safe da yamma, ta isa ta kai shi Legas ta dawo da shi har da canji. Amma gudun da muke yi bana shi ne gudun da muka yi bara, kuma hawan nan na bayan kasuwa har gobe haki yake sa mu. Me ya sa mutum zai shekara uku yana tuƙa keke kullum, ƙarfinsa kuma yana nan inda yake?

Amsar mun same ta ne a wurin masu tuƙa keke a cikin ɗaki. A arewacin Turai, idan sanyi ya kankama, ƙanƙara ta rufe hanya, gari ya yi duhu tun ƙarfe huɗu na yamma, 'yan tseren keke ba sa jingine kekunansu su jira sanyi ya wuce. Suna da wata ƙafa ta ƙarfe da ake ɗora tayar baya a kanta, tayar tana gugar wani ɗan ƙarfe mai juyawa da ke yi mata nauyi, mutum ya hau ya yi ta taka feda alhali ko taku ɗaya bai gusa ba. A irin na zamani ma cire tayar bayan ake yi, a maƙala sarƙa a jikin na'urar, ita kuma ta riƙa auna ƙarfin da ƙafa ke bayarwa da ma'aunin wat, irin wanda muke gani a jikin ƙwan lantarki. Akwai manhaja mai suna Zwift, wadda ta fito a 2014, da ke haɗa na'urar da allo. Idan hanyar da ke allon ta hau dutse, feda ma sai ta yi nauyi.

Wani zai ce wannan ai wasan yara ne. To, ga labarin Mathew Hayman, ɗan ƙasar Ostareliya. A ƙarshen Fabrairun 2016 ya faɗi a wani tsere a Beljiyam, ya karye a hannu. Saura mako shida ke nan a yi Paris-Roubaix, tseren arewacin Faransa mai tsawon fiye da kilomita 250, wanda ake bi ta tsofaffin hanyoyin da aka daɓe da duwatsu, irin masu girgiza mutum har haƙora. Mai ɗauri a hannu ba ya hawa titi, don haka ya girke kekensa a garejin gida, ya yi ta atisaye a gaban allo. Ranar 10 ga Afrilu ya shiga tseren yana ɗan shekara 37, ya kuma cinye, har ya riga Tom Boonen, wanda ya taɓa cin tseren sau huɗu, taka layin ƙarshe.

A ganinmu ba na'urar ce ta ba shi ƙarfi ba. Abin da ɗaki ya ba shi shi ne damar yin aiki bisa tsari. A titi ba kai ke da iko da ƙafarka ba: a-daidaita-sahu ya tsaya a gabanka ka taka birki, akuya ta gifta ka taka birki, in an zo gangara ka sake feda keke ya ja ka. A ɗaki kuwa idan tsari ya ce minti huɗu na wahala, minti huɗun ne cur.

Tsarin yakan fara da awo. Masu na'ura kan tuƙa iya ƙarfinsu na minti 20, su ɗauki kashi 95 cikin ɗari na abin da ta nuna, su ce wannan shi ne kusan ƙarfin da mutum zai iya riƙewa na awa guda. Daga wannan lamba ake yanka wa kowace rana nauyinta. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne yadda ake rabon. Stephen Seiler, masanin motsa jiki da ke koyarwa a ƙasar Norwe, ya lura cewa ƙwararrun 'yan wasan dogon zango kusan kashi 80 cikin ɗari na atisayensu a hankali suke yi, irin tafiyar da za ka iya hira kana yinta. Ɗan abin da ya rage shi ne mai zafi, wanda ko kalma biyu ba ka iya haɗawa.

A nan muka gane matsalar zuwa makaranta. Tafiyarmu ta safe ba ta da tsawon da za ta gina juriya, ba ta kuma da zafin da zai tilasta wa jiki ya ƙaro ƙarfi. Gudu ɗaya ne, hanya ɗaya, kullum. Jiki kuwa ba ya asara: da zarar ya saba da wani nauyi, ya daina gini. Malaminmu na bayoloji ya zana mana abin a allo. Doguwar tafiya a hankali tana ƙara ƙananan hanyoyin jini a cikin tsoka, tana kuma sa zuciya ta riƙa tura jini mai yawa a bugu guda, shi ya sa zuciyar ɗan wasa ba ta gaggawa idan yana hutawa. Aikin mai zafi kuma yana ɗaga iyakar iskar da jiki zai iya amfani da ita. Ya ƙara da cewa ginin kansa ba a kan keke ake yinsa ba, sai an sauka, an ci abinci, an yi barci. Wannan bayani ya yi wa masu son barcin ajinmu daɗi ƙwarai.

Mafi gajarta a cikin tsare-tsaren masu zafi shi ne na Izumi Tabata, masani ɗan Japan, wanda aka buga bincikensa a 1996, a kan keken ɗaki kuma aka yi shi. Daƙiƙa 20 ana taka feda iya rai, daƙiƙa 10 ana hutu, har sau takwas. Duka minti huɗu. A takarda kamar ba komai, amma a zagaye na shida mutum kan manta sunan unguwarsu. Ba a fara atisaye da shi, ba a kuma yinsa kullum.

Mu dai ba mu da na'ura, ba mu da kuɗinta. Karo-karo muka yi, muka kai wani tsohon Phoenix wurin mai walda, ya haɗa mana ƙafa da guntayen ƙarfe, ya sa guntun bututu mai juyawa a ƙarƙashin tayar baya, da noti da ake ɗaurewa idan ana son feda ta yi nauyi. Ma'auninmu agogo ne da yatsu biyu a wuyan hannu: a ƙirga bugun jini na daƙiƙa 15, a ninka sau huɗu, a rubuta a bayan littafin lissafi. Kwana uku muke yi a mako. Litinin da Asabar minti 40 a hankali, ana tuƙi ana hira. Laraba kuma, bayan minti goma na ɗumama jiki, sai minti huɗu mai zafi, minti uku na sassauci, har sau huɗu. A mako na huɗu mukan rage komai, mu bar jiki ya huta. Zango ɗaya muka yi a haka, kuma hawan bayan kasuwa yanzu a zaune muke gama shi, ba tare da miƙewa a kan feda ba.

Babban abokin gabar mai tuƙi a ɗaki zafi ne. Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin da jiki ke ƙonawa zafi yake komawa, ɗan ragowar ne ke isa feda. A titi iska ke kwashe shi, a ɗaki kuwa babu iska sai wadda ka kawo. Saboda haka fanka dole ce, ruwan sha dole ne, kuma a watan Afrilu da rana tsaka ba mai hankalin da zai hau. Idan an ɗauke wuta mukan fito da keken baranda. Gumi ma gishiri ne, yana cin ƙarfe, sai an goge keke bayan an sauka. Bututun nan kuma yana cin taya fiye da kwalta, har mai facinmu ya fara yi mana kallon masu arziki. Duk wanda ke da ciwon zuciya, ko asma, ko sikila, kada ya hau sai likita ya yarje masa, kuma wanda ya ji jiri ya sauka nan take.

Akwai abin da ɗaki ba ya koyarwa. Ba ya koya maka shan kwana, ko riƙe keke a cikin yashi, ko karanta abin da direban da ke gabanka ke shirin yi. Yana kuma da gundura, don minti 40 kana kallon bango ya fi darasin ƙarshe na ranar Alhamis tsawo. Amma idan hazo ya sauka ƙura ta hana numfashi, ko damina ta mai da hanya taɓo, shi kaɗai ne keken da ba ya fashi.

Abin da ya fi sa mu rubuta wannan shi ne 'yan uwanmu mata. Da yawansu sun iya keke tun suna firamare, da suka girma suka bari saboda bakin mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ko yarinya daga shekara 5 zuwa 17 na bukatar motsa jiki na awa guda a rana, ba ta ware mata ba. Kuma 'yar wasan da ta fara wakiltar Najeriya a tseren keke na Olamfik mace ce, Ese Ukpeseraye, a Paris a 2024, inda har aron keke ta yi daga tawagar Jamus don ta shiga tseren cikin fili. Keken ɗaki ba ya bukatar titi, ba ya bukatar 'yan kallo.

Saboda haka muna roƙon Shugaban Makaranta da Malamin Wasanni su duba mana ɗakin ajiyar nan da ke kusa da ɗakin gwaje-gwaje, wanda ba komai a ciki sai karyayyun kujeru. Yana da taga biyu da ke kallon juna. Mu za mu share shi, mu kawo keken da ƙafarsa, a ware wa mata ranakunsu tare da malama mai kula da su. Fanka ɗaya ce ba mu da ita.