Ran da lanho ya yi kome

Mutanen Damagaram sun daɗe da sanin hanyar da kuɗi ke bi su shiga baitulmali, amma kaɗan ne ƙwarai suka taɓa ganin hanyar da suke bi su fito. Tun zamanin Sarki Tanimu, wanda ya kewaye Birni da ganuwa ya kuma ƙera igwa, talaka na kai wa mai gari, mai gari na kai wa fada, ita ma fada tana aika gaisuwa Kukawa wurin Shehun Barno. Da Nasara suka ci yaƙin Tirmini a 1899 suka shigo gari, sai aka zo da bodo, wato kuɗin kai, komi ya buɗe kundi ya rubuta sunan kowane baligi. Sunan da ya shiga kundin nan kuwa ba ya fita don mai shi ya tafi cin rani Kano, ko ya gudu Daura saboda aikin tilas. Mai gari ake tambaya jimillar kuɗin, shi kuma ya tambayi mai gida. Da haka aka gaji wata ɗabi'a wadda har yau ba ta mutu ba: na gida shi ke biya wa na dawa. A ƙarshen shekarun 1970 gwamnatin Seyni Kountché ta sauke wa talakawa babban kuɗin kai saboda arzikin uraniyom, amma ɗabi'ar ta tsaya, ta koma kan gidaje da shaguna.

Labarin wani Alhaji ɗan Birni da ƙanensa daga nan ya samo tushe.

Alhajin nan fataucin atamfa yake yi kafin a karya darajar sefa a watan Janairu na 1994. Cikin dare ɗaya tamma 50 da ke sayen faran ɗaya na Faransa ta zama 100, kayan da ya ɗauko bashi suka ninka a kansa, masu saye kuma, yawancinsu matan ma'aikata ne, mazansu na bin gwamnati albashin wata da watanni. Ya sayar da abin da ya rage, ya biya masu binsa, ya hau mota sai Abijan, inda ya shiga sana'ar katako wajen Ajame tare da sauran ƴan ƙasa. Allah ya buɗa masa. Bayan ƴan shekaru ya aiko aka saya masa fili a sabuwar unguwa bayan gari, aka yi ginin siminti aka rufa kwano. Kowane bulo ƙanensa ne ya tsaya a kansa, shi da ke ɗan tebur na kayan miya a kasuwar Dole.

Tun da mai gida da iyalinsa duk suna Kwaddebuwa, sai aka zuba ɗan haya, wani malamin makaranta da aka turo daga Yamai. A cikin wannan hali masu ƙidayar gidaje suka zo, suka tarar da shi, suka rubuta abin da idonsu ya gani: gidan haya. Babu kuskure a rubutunsu. Dokar lanho ta ƙasar nan tana bambanta gidan da mutum ke zaune ciki da iyalinsa da wanda ya bayar haya yana karɓar kuɗi. Na biyun shi ke ɗaukar nauyi, don ana lissafa shi bisa abin da hayar ke kawowa. Kowace shekara takarda na zuwa, Alhaji na aiko kuɗi ta hannun direbobi ko fataken da ke hawa da sauka, ƙane na zuwa ya bi layi ya biya, ya karɓi takardar shaida ya jefa cikin wani gwangwanin madara da ya ajiye ƙarƙashin gadonsa.

Ran 19 ga Satumba 2002 tawaye ya ɓarke a Kwaddebuwa. Cikin kwanakin da suka biyo aka rushe aka kuma ƙone wasu unguwannin talakawa a Abijan, inda baƙi suka fi yawa. Alhaji ya sa uwargidansa da yara biyar a mota ya turo su gida, shi ya tsaya gadin katako. Aka yi dace malamin nan an riga an yi masa canji zuwa Difa, gida ba kowa, iyali suka share suka shiga. Tun daga ranar ba a sake karɓar ko dala ta haya ba, ban da wani ɗaki ɗaya da aka fasa wa ƙofa ta bakin titi daga baya aka ba wani tela.

To, a nan ne zancen yake. Ba wanda ya je biro ya ce gida ya canza hali. Ƙanen ya san da bambancin ko bai sani ba, abin da ya riƙe shi ne, wanda ya kai kansa biro ya ce a buɗe kundi a duba sunansa, ya tsokano tsuliyar dodo. Gara a biya abin da aka saba biya a kwana lafiya. Mai karatu, in ɗan kasuwa ne, ba sai an yi masa fassarar wannan tsoro ba; in kuwa ma'aikaci ne, ya san kundi ba ya gyara kansa, sai an rubuto. Tsakanin tsoron wancan da jiran wannan, aka shekara fiye da goma ana biyan lanhon haya a kan gidan da ba ɗan haya.

Ana nan kuma sai baki ya fara aiki. Dangi ba su rasa abin faɗa a kan wanda ke riƙe da dukiyar ɗan'uwansa. Wasu suka ce ai gidan da iyali ke ciki ba a biya masa kome, saboda haka kuɗin da ake aikowa aljihun ƙane suke shiga. Wasu suka ce a'a, biya yake yi, amma da sunansa, don ran da ta Allah ta kasance ya fito da takardu ya ce gidansa ne. Maganganun nan suka bi mota har Ajame. Alhaji bai taɓa tambaya ba, amma gaisuwarsa a waya ta gajarta, kuɗin kuma da aka fara aikowa ta kamfanonin aika kuɗi irin su Al Izza, sai suka riƙa zuwa da sunan uwargida, ita ce za ta ƙirga ta miƙa wa mijinta na wasa. Ƙanen ya gane, bai tanka ba.

Abin da ya warware ƙullin wani saurayi ne ɗan sabon ɗauka, wanda aka turo sake ƙidayar gidajen unguwar. Ya yi sallama, yara suka fito, ya tambayi ɗan haya, suka ce su gidan ubansu ne. Ya duba takardarsa, ya sake duban yaran, ya nemi mai kula da gida. Da ƙanen ya zo yana haki, saurayin ya ce masa: «Baba, tun yaushe iyali ke ciki?» Ya faɗa masa. Ya ce: «To ku rubuta ƙorafi. Shagon tela kaɗai ne haya a nan.»

Rubuta ƙorafin bai yi wuya ba, akwai masu rubuta wasiƙa da Faransanci bakin gidan waya. Abin da ya ci lokaci shi ne shaida. Sai da aka nemo takardar mallakar fili, da shaidar mai unguwa cewa iyalin suna nan tun shekarar da suka zo, da takardar wakilci wadda Alhaji ya sa wa hannu a ofishin jakadancinmu na Abijan, tun da ƙane ba ya iya neman kuɗi da sunan wani sai da izini. Har cikin biro ma an yi gardama: wani komi ya ce mai gida ba ya ƙasar, saboda haka ba za a kira wurin mazauninsa ba, wani ya ce inda matar mutum da ƴaƴansa ke kwana, nan ne gidansa ko yana Sin. Abin da kowa ya yarda da shi dai shi ne ba gidan haya ba ne. Bayan watanni aka amsa. Shekarun da suka yi nisa sun wuce wa'adin ƙorafi, sun tafi ke nan. Na kusa aka lissafa, aka ajiye wani kashi a madadin lanhon shagon tela na gaba, sauran aka ce a zo a karɓa.

Kafin ƙanen ya iso gida da kuɗin, labari ya riga shi zuwa Abijan, kuma ya isa da wata riga dabam: wai gwamnati ta yafe wa mazauna waje lanhon gida, har tana maido musu da na baya. Zancen ya yi daɗin ji, musamman da yake a zaɓen 2016 an ware wa ƴan ƙasa mazauna ƙetare kujeru 5 a majalisar dokoki, mutane na ganin yanzu an san da zamansu. Har aka samu waɗanda suka yi wa nasu waya suka ce kada a sake biya. Wannan kuwa ganganci ne mai tsada, domin lanhon gida gini yake bi, ba ya tambayar inda mai shi ya kwana, wanda ya ƙi biya kuma tara ce ke hawa kansa. Ko a Faransa, inda muka ari yawancin dokokin nan, Bafaranshen da ke zaune waje yana biyan harajin gininsa, kuma ko da aka soke harajin mazauni a kan gidan zama a 2023, gidan wanda ke ƙetare an bar shi cikin jerin gidaje na biyu, yana biya. Gaskiya ne a 2015 kotun Tarayyar Turai ta sa Faransa ta maido wa wasu kuɗin da ta cire musu a kan abin da dukiyarsu ke kawowa, amma su ma sai da suka rubuta suka nema, kuma mazauna wajen Turai hukuncin bai haɗa da su ba.

Da azumi ya kawo jiki Alhaji ya zo gida. Bayan an sha ruwa a zauren gidansu na gado a Birni, ƙanen ya shiga ya fito da ƙunshin kuɗin da kuma gwangwanin madara, ya ajiye gabansa. Alhaji ya kira babban ɗansa mai karatun boko ya haska fitila, aka riƙa zaro takardun ɗaya bayan ɗaya, waɗansu sun yi ja don tsufa, gara ta ɗan taɓa gefen biyu. Kowace da sunan Alhaji, ko da yake komi uku sun rubuta sunan iri uku. Babu shekarar da ta yi giɓi.

Nan Alhaji ya yi shiru, domin shi ya san akwai giɓi a wajensa. Shekarar tawaye da wadda ta bi mata bai aiko ba. A 2011, lokacin da aka yi yaƙi cikin Abijan kanta bayan rikicin zaɓe, rumfarsa a rufe take, abin da zai ci ma sai da aka taimaka masa. Ya ware takardun shekaru ukun nan ya riƙe.

«Waɗannan fa, wa ya biya?»

«Yaya, ai an biya.»

«Na ga an biya. Da kuɗin wa?»

«Da an bari sun zo sun liƙa takarda a ƙofa, yara na kallo?»

Wanda ya san abin da teburin kayan miya ke kawowa a kasuwar Dole, ya san buhun barkono nawa ke cikin amsar nan. Kuma abin takaicin shi ne, shekarun farko duk suna cikin waɗanda wa'adi ya cinye, ba za su dawo ba. Alhaji ya tura masa ƙunshin kuɗin gaba ɗaya. Ƙanen ya turo masa. Aka yi ta turawa har tsohuwarsu, wadda ke jin su daga bayan labule, ta ce in sun rasa abin yi da shi, katangar gidan nan ta gabas damina biyu ke nan tana neman faɗuwa. A kan haka aka tsaya. Alhaji bai nemi gafara da baki ba, irinsu ba su iya ba. Amma kuɗin da ya aiko bayan ya koma, da sunan ƙanen suka zo.

Sai dai wani abu ya tsaya masa a rai wanda ba a yi tsammani ba. Da ɗansa ya bayyana masa cewa nauyin gidan ya ragu ƙwarai, maimakon murna sai ya tambaya ko sunansa zai fita daga kundi ke nan. Aka ce masa takardar biyan lanho ba ita ce shaidar mallaka ba, takardar fili ita ce, kuma tana nan a adane. Ya ce ya sani. Amma mutumin da ya yi shekara fiye da ashirin a ƙasar da kullum ake tambayarsa katin zama, inda aka wayi gari ana gardamar wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo, takardar nan da ke zuwa ƙofarsa kowace shekara da sunansa da na unguwarsa tana da wani matsayi a wurinsa wanda komi bai rubuta ba. Kakansa gudun kundi ya yi zuwa Daura. Shi kuwa tsoronsa a shafe shi daga ciki.

Ɗan ya ce masa ai muddin shagon tela na nan, takarda za ta ci gaba da zuwa da sunansa. Telan kuwa a lokacin ana binsa hayar wata huɗu, uwargida har ta fara zancen a tashe shi a mayar da ɗakin na samari. Da asuba, kafin ya tafi tasha, Alhaji ya ja ƙanensa gefe ya ce masa ko telan nan ya shekara bai biya ba, kada wanda ya taɓa masa keke.