Parry Sound, garin yaron da gwiwarsa ta ƙare kafin ya tsufa

'Yar uwa, in Allah ya kai ki Toronto ta ƙasar Kanada, ki nemi mota ki miƙa arewa. Bayan tafiyar kilomita fiye da 200, tsakanin itatuwa da faɗa-faɗan duwatsu, za ki iso wani ƙaramin gari a bakin ruwan Georgian Bay mai suna Parry Sound. Mutanen garin 'yan dubbai ne kawai. Da rani baƙi na cika shi don shiga jirgin ruwa su zaga dubban tsibiran da ke wurin. Ni da hunturu na je, lokacin da sanyi ke shiga har cikin ƙashi, ruwan bakin gari ya daskare har ana tafiya a kansa.

A kan wannan ƙanƙarar wani yaro mai suna Bobby Orr ya koyi wasa. An haife shi a garin a 1948. Wasan shi ne hoki na ƙanƙara: mutum shida kowane ɓangare, da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, suna sulɓi a guje, suna dukan wani ɗan faifan roba mai tauri da sanduna. Orr ɗan baya ne, wato aikinsa tare abokan hamayya kada su kai ga raga. Shi kuwa bai yarda ya tsaya a baya ba. Yakan ɗauko faifan tun daga bakin ragarsu, ya ratsa kowa har ya ci.

A bakin ruwan akwai wani ɗakin tarihi mai sunansa, cikin ginin Stockey Centre. Maza na tsaye suna kallon kayan wasansa da lambobin yabo. Ni hankalina yana kan mahaifiyarsa, Arva.

Yana ɗan shekara 14 ƙungiyar Boston Bruins ta Amurka ta nemi ya shiga ƙungiyar matasanta a garin Oshawa, inda zai yi karo da samari 'yan 18 zuwa 20. Uwar ba ta so ɗanta ya bar gida ba. Sai aka daidaita a kan ya ci gaba da zama a gabanta a shekarar farko, a riƙa kai shi ranar wasa a dawo da shi, tafiyar kusan awa uku kowace fuska. Cikin abin da aka yi wa iyalin har da mota da shafen bangon gidansu. Ke da aka taɓa ce miki ɗanki ya iya ƙwallo, a ba da shi a tafi da shi wani gari, kin san yadda zuciya ke yi a irin wannan zama. Ni dai na ga hikimar Arva. Ba ta hana ba, ba ta kuma saki gaba ɗaya ba.

Yaron ya kai inda ake fata. Ya fara buga wa Boston a 1966. Sau takwas a jere aka zaɓe shi gwarzon 'yan baya, kuma sau biyu ya fi kowa maki a gasar, abin da babu ɗan bayan da ya taɓa yi in ba shi ba. Ranar 10 ga Mayu 1970, wadda ta dace da ranar iyaye mata a can, ya ci wa Boston kofin Stanley. Yana ci aka taɗe shi, mai hoto ya ɗauke shi a sama, hannuwa a miƙe kamar tsuntsu. Sun sake cin kofin a 1972.

A gaban wannan hoton na daɗe a tsaye, ina kallon gwiwar hagu. Aikin jinya ya ɓata ni, ba na iya ganin ɗan wasa ban duba gaɓoɓinsa ba. An yi wa gwiwoyin Orr tiyata fiye da sau goma, akasari ta hagun. A zamanin, in guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gwiwa ya yage, likitoci kan buɗe gwiwar su cire shi, ɗan wasa ya koma fili. Wannan guringuntsin shi ne matashin da ke hana ƙashi gugar ƙashi. In babu shi, kowane taku azaba ne. Na ga dattawa a gadon asibiti da irin wannan ciwon, sallah ma sai a zaune. Shi ya same shi bai kai shekara 30 ba. A 1978 ya ajiye wasa, bayan ya buga wa ƙungiyar Chicago wasanni 26 kacal cikin shekara uku. Ya ƙi karɓar albashinsu, ya ce bai yi aikin ba.

Dukiyar ma ba ta tsira ba. Wakilinsa Alan Eagleson, wanda ya riƙe masa harkokin kuɗi tun yana matashi, bai bayyana masa cewa Boston ta yi masa tayin kaso a cikin mallakar ƙungiyar don ya zauna ba. Da Orr ya yi ritaya, sai ya tarar kusan ba shi da komai. A 1998 Eagleson ya amsa laifin zamba a kotu, aka ɗaure shi.

Da yamma na biya ta filin wasan garin, shi ma sunan Orr yake ɗauke da shi. Motoci na tsayawa, yara ƙanana na fitowa da jakunkunan kayan wasa da suka fi su girma. Wata uwa ta durƙusa a cikin sanyin nan tana gyara wa ɗanta hula, yana ta fizgewa don ya riga abokansa shiga. Sai da ta ja masa zif har wuya kafin ta sake shi.