Jirgin Kara da Jirgin Gaske

A wata makarantar firamare da ke cikin birnin Zariya, akwai wani malami da ya daɗe yana ƙwace wa yara kayan wasa. Ran nan ya kama wani yaro da ɗan jirgin sama na karan dawa a ƙarƙashin benci. Har ya ɗaga bulala, sai yaron ya ce, "Malam, a yi haƙuri. So nake in gane abin da ya sa nawa yake faɗowa ta wutsiya, alhali na Palladan ba sa faɗowa." Yaron yana nufin ƙananan jiragen Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama, wadda aka kafa a 1964, waɗanda kan yi shawagi bisa ganuwa.

Malam ya sauke bulala, domin shi ma bai san amsar ba. Kunyar hakan ce ta sa ya shiga bincike, har ya gano cewa harhaɗa jirgi da hannu ba wasan yara kaɗai ba ne. A jihar Oregon ta Amurka, wani injiniya mai suna Richard VanGrunsven ya kafa kamfanin Van's Aircraft, mai sayar da sassan jirgi a cikin akwatuna, mutum ya saya ya haɗa a gidansa. Dokar ƙasar ta tanadi cewa sai mai haɗawar ya yi fiye da rabin aikin kafin a yi wa jirgin rajista a matsayin ƙirar gida.

Ɗaya daga cikin jiragen kamfanin shi ne RV-6A. Mutum biyu yake ɗauka, suna zaune kafaɗa da kafaɗa. Da fallayen alminiyam ake yin jikinsa, a ɗinke su da dubban ƙusoshi. Fukafukansa a ƙasan gangar jiki suke, tsawonsu daga wannan baki zuwa wancan kimanin mita 7, kuma a cikinsu ake zuba mai. Tayoyinsa 3 ne, ɗaya a gaba, biyu a baya. Injinsa mai silinda 4 ne, iska ke sanyaya shi. Idan an sa masa mai ƙarfin doki 180, gudunsa kan wuce kilomita 300 a awa, saboda rashin nauyi da santsin jiki.

Abin da ya fi ba Malam mamaki shi ne, a nan Kaduna an taɓa yin wannan aiki. Kamfanin AIEP ya yi wa RV-6A gyare-gyare, aka raɗa masa suna Air Beetle, aka fito da shi a 1989. An harhaɗa guda 60 domin horar da matuƙan Rundunar Sojojin Sama ta Nijeriya. Daga baya, tun daga 2016, rundunar ta koma sayo Super Mushshak daga Pakistan.

A cikin wannan bincike ne ya samo amsar yaron. Fiffike yana tura iska ƙasa, ita kuma ta ɗaga shi sama. To, amma wajibi ne cibiyar nauyin jirgi ta kasance wajen gaban fiffiken. Idan nauyi ya rinjaya baya, hanci zai ɗaga fiye da kima, iska ta daina bin fiffike, jirgi ya faɗo. Shi ya sa duk wanda ya haɗa jirgi sai ya ɗora shi bisa sikeli kafin tashin farko.

Bayan mako biyu Malam ya kira yaron gaban aji, ya mayar masa da jirginsa. Suka ɗora shi bisa yatsu biyu a ƙarƙashin fukafukai, ya karkata baya. Suka manna masa ɗan curin laka a hanci, har ya daidaita. Da aka cilla shi, sai ya sulala a hankali ya sauka bakin ƙofar aji. Nan take wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, in an ƙara lakar fa?" Malam ya miƙa mata sauran curin ya ce ta zo ta gwada.