Giga 12 ɗin da ta koma 4

'Yan uwa ɗalibai, duk mai shirin sayen laftof a zangon nan ya ɗan tsaya ya ji.

Da zan fara binciken mastas ɗina a nan Ibadan, na ce wa Baba ina buƙatar kwamfuta mai ƙarfi saboda aikin taswira. Gaskiya ne, amma rabin zuciyata na kan gem. Baba bai ce komai ba, ya fitar da buhunan masara ya sayar, ya turo kuɗin.

A shago, mai sayarwa ya buɗe Task Manager ya nuna mini giga 12 a wajen GPU. Ban ko taya sosai ba na biya. Da daddare na kunna GTA V, na ƙure komai sama. Ana shiga gari da mota sai hoto ya fara tsinkewa, ya tsaya cak, ya zabura. Kai, raina ya ɓaci!

Wani ɗan Zariya da ke karanta kimiyyar kwamfuta ya duba, ya fashe da dariya. Ashe katin GTX 1650 ne, VRAM ɗinsa giga 4 kacal. Sauran takwas ɗin aro ne daga RAM ɗina mai giga 16, don Windows kan ware kusan rabinsa a matsayin na haɗaka. Jimillar aka nuna mini.

Ya ce in ɗauki VRAM kamar teburin mai shayi. Abin da ke kan tebur hannu kawai zai miƙa. In tebur ya cika, sai ya riƙa aika yaro shago, kai kuma kana zaune kana jira. Haka katin yake: hotunan bango, tituna da fuskoki duk a VRAM yake ajiye su. In ta cika sai ya koma ɗebowa daga RAM, hanyar kuma ba ta da sauri. Tsinkewar kenan. Amma ya ja mini kunne: faɗin tebur ba ya sa mai shayi sauri in hannunsa na da nauyi. Giga da yawa a kan kati mara ƙarfi asarar kuɗi ce.

Muka rage ingancin hotunan har ma'aunin da gem ɗin ke nunawa ya sauko ƙasa da giga 4. Ya tafi sumul.

To, in ka je saye, layin Dedicated GPU memory za ka duba, ka kuma nemi sunan katin a intanet kafin ka tura ko sisi.

Taswirorina suna buɗewa lafiya lau, alhamdulillahi. Jiya Baba ya kira yana tambaya ko na'urar na aiki. Na ce tana yi. Da muka gama waya na rufe gem ɗin, na buɗe babi na uku.