Tsibirin Aro

Mazaunin Jambutu bai san shiru ba. Tun kafin assalatu ’yan kamasho ke kiran fasinja a tasha, Keke na biye, injin niƙa na amsawa. Shi ya sa wata Asabar cikin hunturu na ɗauki tabarma, carbi da gorar ruwa, na gangara bakin Binuwai, can ƙasa da gadar Jimeta.

Da rani kogin yakan janye jiki, ya bar tuddan yashi a tsakiyarsa. Tsibirai ne na aro, damina na faɗuwa mai abu ya karɓe kayansa. In kuma aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, wadda ke tare shi tun 1982, har gidajen mutane yake haɗawa, kamar yadda muka gani a 2012 da 2022.

Wani dattijo masunci ya ƙetarar da ni a kwalekwalensa.

"Malam, me za ka yi a can? Ba kowa fa."

"Abin da nake nema ke nan, Baba."

Ya dube ni, ya dubi carbin, ya ci gaba da tuƙi.

Malaman ɗariƙa in za su shiga halwa, ɗaki suke samu mai duhu, su rage ci, su daina magana, wani kwana uku, wani har arba’in. Tawa ta malalata ce, daga hantsi zuwa la’asar, ga dabino a aljihu.

Shirun ma ashe ba shiru ba ne. Gefen yashin yana ta zaftarewa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, da wani sauti kamar ana tankaɗe gari. Sawun balbela ya zana bakin gaɓa, ya tafi, ya dawo, ya ɓace inda ta tashi. Tirela in ta hau gada, ƙararta takan biyo ruwa ta iso ni a gajiye. Hayaniyar da ta fi damuna kuwa a kaina na ƙetaro da ita: kuɗin makaranta, bashin mai shago, wata magana da ya kamata in mayar tun bara. Na ja carbi ya fi a ƙirga, rabinsa lissafi ne. Sai wajen azahar, bayan na yi alwala da ruwan nan mai shiga ƙashi na fuskanci inda kogin ke fitowa, zuciyata ta ɗan zauna.

Duk tsawon wannan lokaci Baba yana can ƙarshen yashin yana ɗinkin koma. Bai ɗaga kai ba, bai ce uffan ba, kuma na tabbata bai kira abin da yake yi halwa ba.

A hanyar dawowa na ce masa baɗi zan sake zuwa wannan tsibiri.

"Wanne?" in ji shi. "Wannan ai bara ba ya nan. Can ƙasa yake, wajen waccan ciyawar."